Cuku a Kwamin Maski

Tafkin Sorrel, Wisconsin
9 ga Satumba, 1989

Zuwa ga matata Lorna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin isa Duluth lafiya. Ya jikin mai jego, ya kuma jikar tamu? Allah ya raya mana ita. Ni lafiyata ƙalau, gwiwar nan ce dai take damuna in gari ya yi sanyi.

Sabon jirgin ruwan ya iso, Lorna! Bar batun inji, kwamin ajiye kifi da rai da ke cikinsa shi ne magana. Tsawonsa inci sittin, ga murfi, ga famfon da ke jawo sabon ruwa daga tafki yana zubar da tsohon. Na san za ki ce me kifin da za a saki zai yi da ɗaki. To saurara. Babbar maski, wato kifin nan da muke nema, in ta gama kokawa da mutum takan galabaita, in ka jefa ta ruwa haka nan sai ta juya ciki sama ta mutu. A kwami take hutawa har alƙaliya ta zo ta auna. Dokar ƙungiyarmu ta masu kamun kifi ke nan: in alƙaliyar, Misis Tuominen, ba ta gan ta da rai ba, ba ta kuma ga tafiyarta ba, sunan mutum ba zai hau allon masu inci hamsin ba.

Shekara talatin da ɗaya ina neman mai inci hamsin. Duk waɗanda muka fara tare sunansu na jikin allon nan, har Orville da ba ya gani sosai. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba.

Ƙaninki Vern ya leƙa kwamin ya ce, "Mijin Yaya, wannan bahon wankan na wace baƙuwa ce? Ko kai za ka riƙa shiga in rana ta yi zafi?" Na share shi. Amma da na ga wurin yana zaune a banza, sai na zuba ƙanƙara, na jera lemo, na ɗora naman da kika bar mini da leda biyu ta ƙananan curin cuku. Kafin gasar kamun kifi ta Asabar zan kwashe su.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Naki har kullum,
Merle


17 ga Satumba, 1989

Zuwa ga Lorna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kuna lafiya ke da yaran, kuma jaririyar tana barinku kuna runtsawa.

Ban kwashe ba, Lorna. Na manta shaf.

Jiya da hantsi ni da Vern muna gefen ciyayin nan na bakin tsibiri, na jefa fatsa, sai na ji kamar na maƙalo kututture. Kututturen kuwa ya kama tafiya da ni. Ashe babbar maski ce, minti ashirin muna yi da ita kafin Vern ya sa raga. Muka shimfiɗa ta a katakon awo: inci hamsin da ɗaya cif. Na zauna daɓas, hawaye suka zubo mini, a gaban ƙaninki fa.

Vern ya kira alƙaliya ta oba-oba. Ta ce tana can ƙarshen tafki, sai nan da minti arba'in. Na ce ba komai, ai don irin wannan ranar aka yi kwami. Na ɗaga murfi. Wayyo Allah! Ƙanƙara ta narke, ledoji sun fashe, cuku yana ta iyo kamar gayya aka yi masa. Muka mayar da ita cikin raga a gefen jirgi, muka shiga kwasa da hannu bibbiyu muna watsawa a ƙafafunmu. Na kunna famfo, ya yi tari sau biyu ya mutu. Cuku ya toshe shi tam.

Vern ya ce mu sa ta a haka, mu riƙa zuba ruwa da bokiti. Muka gwada. Ruwan duk maiƙo. Ko minti biyar ba a yi ba na ga ta fara kishingiɗa, farin cikinta yana juyowa sama. Vern ya ce, "Ka daure, saura rabin awa." Na dube ta, ta kusa shekarun ɗiyarmu a duniya, a ce a miyar cukuna za ta mutu don sunana ya hau katako? Na ce a'a.

Na sunkuce ta na mayar tafki. Na kifa ciki a bakin jirgi ina riƙe da wutsiyarta, Vern yana riƙe da bel ɗina yana mita. Mun daɗe a haka. Can sai na ji ƙarfi ya dawo mata, ta watsa mini ruwa a fuska ta nutse. Hoto kuwa babu, kyamarar tana wurinki.

Misis Tuominen ta iso ta tarar da tsofaffi biyu tsamo-tsamo cikin cuku. Ta duba kwami, ta dube mu, ta rufe littafinta.

Niyyata in bar maganar a cikina, sai ga Vern ya tashi taimakona. Kin san halin ɗan'uwanki, kifin da ya kama ba ya daina girma. A wurin cin abincin ƙungiya ya miƙe ya rantse cewa inci sittin ce. Kafin a kawo kofi ta kai sittin da takwas, ta kuma ja jirginmu mil guda. Shekara arba'in bai taɓa goya mini baya ba sai jiya, ya kuwa kashe ni. Orville ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Misis Tuominen ta raɗa mini cewa da ni kaɗai na faɗa, da ta yarda a ranta.

Allo ya wuce ni, na haƙura. Tana can da ranta, ban yi nadama ba. Abu ɗaya nake roƙo, Lorna. Duk garin nan babu wanda ya yarda da ni. Ke ba ki gani ba, amma kin san ni. Hamsin da ɗaya ce. Don Allah ki rubuto ki ce kin yarda.

Mijinki,
Merle