Sojan Da Ya Ba Da Abinci Da Hagu

Birnin Kudu,
9 ga Satumba, 1968

Yaya Iliyasu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hadijatu da yara, da aikin ɗab'in nan na Kaduna da ya hana ka zuwa gida ko da Sallah. Mu nan jiki lafiya, gero ya fitar da kai, hankali ne dai ba a kwance ba.

Ka ji an aiko wa Gwaggo Dada a Gwaram takarda daga soja cewa ɗanta Maikano ya rasu a bakin daga tun watan Yuli. An yi addu'a, matarsa Hapsatu ta shiga takaba. Ana nan sai wani mutumin Kangire ya dawo daga Kano da irin takardar yaƙin nan da ake rabawa kyauta a tasha. A shafin farko ga soja a tsugune yana ba wata ƙaramar yarinya abinci. Yarinyar ta juya baya, haƙarƙarinta duk a waje. A ƙasa an rubuta wai sojanmu ne yake ciyar da marainiyar da aka ceto a Gabas cikin watan Agusta. Yaya, fuskar Maikano ce.

Gwaram ta rabu biyu. Gwaggo ta ce ita ta haife shi, kuma wanda yake raba abinci a Agusta bai mutu a Yuli ba. A ranar ta fitar da Hapsatu daga takaba, ta sa aka yi mata kitso da lalle. Dattawa kuwa suka ce ba shi ba ne. Billen Maikano a kuncin hagu yake, na wannan yana dama. Sannan da hagu yake miƙa abincin, abin da ɗan Dada ba zai taɓa yi ba ko da bindiga a kansa. Baba Buba, wanda ya yi yaƙin Bama na zamanin Turawa, ya ce duk irin waɗannan hotuna haɗa su ake yi don a kwantar wa iyaye hankali su ƙara sakin 'ya'yansu.

Liman ya ƙi yanke hukunci sai wanda ya san hoto ya duba. Shi ne aka aiko mini, ni mai hoton da aikina bai wuce in hana mutane ƙifta ido a ranar kasuwa ba. Na duba, na ce a ba ni mako biyu. Ka faɗa mini, a wurin ɗab'i hoto yakan fito a juye, dama ta koma hagu? Hapsatu tana zaune ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba.

Ƙaninka,
Sada

Birnin Kudu,
21 ga Satumba, 1968

Yaya Iliyasu,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Allah ya sa zazzaɓin Hadijatu ya sauka. Wasiƙarka ta iso. Ka ce in aka kifa fim hoto yakan juye, har da gangan ma kuna juyawa don mutum ya kalli cikin shafi. Ka kuma ce tambayar ta yi maka kama da ta wanda ya san amsa. Ka gane ni, kamar kullum.

Ni na ɗauki hoton nan. A Gwaram na ɗauke shi, a ƙofar gidan Gwaggo, bara da Maikano ya zo sallama cikin sabon kakinsa. Yarinyar Batulu ce, 'yarsa, ta tashi daga ƙyanda ta rame, yana lallashinta ta ci gumba. Da hannunsa na dama ya ba ta. Hapsatu tana tsaye a gefe tana dariya, ga rumbu a bayansu. Masu takardar sun yanke Hapsatu, sun yanke rumbun, sun juya sauran, suka mai da Gwaram Gabas.

Ka tuna mutumin nan mai mota da lasifika da yake yawon nuna majigin gwamnati? Ya tsaya a rumfata da rani, ya ga hoton a jikin allo, ya yaba, ya ce irin hannuna bai kamata ya ƙare a ƙauye ba. Kaina ya kumbura. Na cire na allon na haɗa masa da fim ɗin, har ina yi masa godiya. Ina ta jiran ranar da za a buga sunana a ƙasan hoto. Ba su sa ba, kuma yanzu wannan ne kaɗai abin da nake gode musu.

Kallon farko na gane aikina. Na nemi mako biyu ne don tsoro. Gwaggo ta riƙe hannuna a zaure tana sa mini albarka tun kafin in buɗe baki, ta yanka kaza dominna, na kuma ci. Abin da ya fi cina shi ne kowa yana da gaskiya. Maikano ne, kamar yadda ta ce. Haɗi ne, kamar yadda Baba Buba ya ce. Da suka rubuta marainiya sun ɗauka ƙarya suke yi, ashe a lokacin ta riga ta zama.

Jibi kasuwar Gwaram. Zan je wurin Liman. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Sada

Birnin Kudu,
2 ga Oktoba, 1968

Yaya Iliyasu,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. A gaida yara, a ce musu baffansu yana nan bai mutu ba, ko da yake a Gwaram an fi son hakan.

Na faɗa. Na ɗauki madubin aski na kara shi da takardar a gaban Liman da dattawa. A cikin madubin bille ya koma hagu, abinci ya koma hannun dama, kowa ya ga Maikano kamar yadda ya san shi. Gwaggo ta yi guɗa, tana zaton na tsaya mata. Na bari ta gama, sannan na faɗi inda aka ɗauka da ranar da aka ɗauka da wanda ya ba da shi. Ba ta zage ni ba. Ta naɗe takardar ta sa a bakin zaninta, ta ce daga yau kada in sake taka mata zaure. Liman ya ce hoton bara ba ya rushe takardar bana, Hapsatu ta koma takabarta. Baba Buba yana ta zagaya kasuwa yana cewa shi dai ya faɗa, kamar an ba shi sarauta.

Ina haɗa kayana sai aka ce Hapsatu tana kirana. Ta bayan zana ta yi mini magana, ta ƙasan zanan na ga lallen bai ko goge daga ƙafarta ba. Na fara ba ta haƙuri, ta tsayar da ni. Ta ce ita ta sani tun ranar farko, babu uwar da ba za ta gane bayan 'yarta ba. Ta yi shiru ne don tun zuwan takardar soja tsohuwar ba ta ci abinci ta ƙoshi ba sai da hoton nan ya zo. Ta ce ita ma kanta ta ji daɗin kwanakin, ko na aro ne.

Abu ɗaya ta roƙe ni. Ta ce in wanke mata cikakken hoton, wanda take ciki, domin ba su taɓa tsayawa su uku a gaban mai hoto ba sai ranar, kuma tana so Batulu ta girma ta ga ubanta a gidansu yake. Yaya, na ce mata to. Bakina ya kasa gaya mata cewa ba ni da shi.

Don Allah ka bi maɗaba'o'in Kaduna ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi masu shara ma. Ɗan ƙaramin fim ne, da soja a tsugune da rumbu da mace tana dariya a gefe. In ka samu, kada ka sa a gidan waya, ka kawo da hannunka. In ba ka samu ba, ka rubuto mini abin da zan gaya mata, don ranar kowace kasuwa za ta aiko a tambaya.

Ƙaninka da yake jiranka,
Sada