Laujen da Aka Wanke

Mubi, daren Laraba, Fabrairu 1961

Hannuna ya kumbura, da ƙyar nake riƙe alƙalami.

Da safe muka tarar an sare wa sanmu na noma jijiyar ƙafa, yana kwance cikin jini yana nishi. Ban tsaya tambaya ba. Na tare Buba makiyayi a hanyar Sahuda, don jiya shanunsa sun bi ta bayan gidanmu. Na dake shi har haƙoransa biyu suka zube. Yana rantsuwa, ni ina ƙara masa.

Kaka Masi mai ƙosai ta zo ta tsuguna, ta daɗe tana duban raunin. Ta ce, "Ɗana, wannan ba saran adda ba ne, jan lauje ne."

Sai ta bi gida-gida tana aron lauje, wai za ta yanko wa akuyarta ciyawa. Da la'asar ta dawo da na Kawu Tumba, wanda tun rigimar ƙuri'a ba ya gaisawa da Baba. Na kowa da tsatsa da ƙura, nasa kuwa fes, har ƙotar da danshi.

Ta ce mini, "Ka taɓa ganin an wanke lauje da rani?"

Da muka tare Kawu da maganar, bai musa ba. Ni da nake ta zafi tun safe, ko yatsa ban ɗaga masa ba.

Kaka ta tsinto haƙoran, ta ƙulle su a tsumma, ta sa mini a aljihu. Ta ce gobe ni zan kai wa Buba da kaina.