Gaishe-gaishen Yaya a Hanyar Shago

Ƙanena,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi za a ce. Inna tana nan sai ƙorafin ido, autata kuma ta fara koyon ɗinki, har ta lalata mini zannuwa biyu. Na rubuto ne maimakon in kira, don na san halinka, da na fara magana za ka mayar da ita wasa.

Maganar babban yayanmu ce. Ranar Talata aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Shi ya hana a faɗa maka, ni kuwa na gaji da ɓoye-ɓoyen gidan nan, don ɓoye-ɓoyen ne ya kai mu inda muke.

Ka tuna muna tsokanarsa da Sarkin Gaisuwa? Daga gida zuwa shagonsa na kafinta tafiyar minti goma ce, amma shekara biyu ke nan sai ya yi rabin awa. Ya tsaya wajen mai aski, ya tsaya wajen mai gyaran rediyo, ya dafa sandar fitilar kan kwana yana tambayar mai shago lafiyar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da a da ko sallama da ƙyar yake amsawa! Muka ce girma ne ya zo masa da son mutane, har Inna tana sa masa albarka. Ashe naman bayan ƙafarsa ne ke ɗaurewa in ya yi taku ɗari, ba ya sakinsa sai ya tsaya. Kunya ta hana shi tsayawa haka kawai a titi kamar tsoho, shi ne ya fake da gaisuwa. Wallahi in na tuna dariyar da muka yi masa, abinci ba ya shiga mini.

Matarsa ta lura ƙafar kullum sanyi ƙalau, gashin ƙwaurin ya zube, ya ce mata ba komai, ta shafa masa man zafi. Da ƙusa ta soke shi a yatsa, ciwon ya yi wata biyu bai warke ba, ya ɗaure da tsumma ya cusa cikin takalmi. Wari ne ya tona shi. Likita ya ce jijiyoyin jinin ƙafar sun toshe, ga taba, ga hawan jinin da bai taɓa aunawa ba. Ya ce da an zo tun lokacin tsaye-tsayen, da wataƙila an ceci ƙafar. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya ce toshewar ba a ƙafa kaɗai ta tsaya ba, ta taɓa hanyoyin zuciyarsa ma. Da ya tambaya ko wani ya taɓa mutuwar farat ɗaya a gidanmu, sai na tuna Baba, da ya faɗi a bakin ƙofa da buta a hannu bai kai sittin ba.

Yanzu in zo kanka. Watan jiya a waya ka ba ni labari kana dariya, wai ofishinku a hawa na uku yake, kuma ka zama mai son kallon gari ta tagar hawa na biyu. Na taya ka dariya a lokacin. Jiya a asibiti na faɗa wa Yaya, sai ya juya fuska bango. Can ya ce in tambaye ka wace ƙafa ce, kuma matakala nawa kake ƙirgawa kafin ka kai tagar. Ya ce shi ma ƙirgawa yake yi.

Don girman Allah ka je asibiti a makon nan a duba maka ƙafa da zuciya. Ka faɗa musu labarin Baba da na Yaya, ka kuma jefar da tabar nan da kake ɓoye wa Inna alhali kowa ya sani. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ku biyu kaɗai kuka rage mini.

Inna tana gaishe ka, haka matar Yaya da yaranta. Ka gaishe mini da takwaran Baba da 'yan biyu. Ka gai da maiɗakinka, ka ba ta takardar nan ta karanta, in ka ƙi ni zan kira ta. Mai aski da mai gyaran rediyo sun zo dubiya ɗazu, suna ta cewa sun yi kewar gaisuwar Yaya.

Ni ce yayarka, mai jiran jin abin da likita ya ce maka.