Ƙaro Ba Abin Ɓoyewa Ba Ne

Zuwa ga ɗiyata Mufida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da mutanen Magama, can ƙetaren iyaka.

Ni lafiya lau nake a Maraɗi. Aikin tsintar ƙaro a kamfani yana tsattsaga yatsu, amma na saba, kada ki damu.

Na ji an mayar da man gashin da kike haɗawa daga kan iyaka, don ba ki rubuta abin da ke ciki ba. Wai tsoro kike a ga ƙaro a hana. Wa ya ce miki an haramta shi? Mai kamfaninmu ya ce har a kayan kwalliyar Turai ana sa shi, don gashi ya kwanta. Kunyar abin dajinmu kika ji kawai.

Ban yarda a bi da kwalaben ta daji ba. Ban haife ki don fasa-ƙwauri ba. Ki rubuta komai a jikin kwalba, ki nemi lambar rajista, ki yi haƙuri.

Ranar da man ya ƙetaro ta ƙofa, ni zan fara shafawa, duk Maraɗi ta ji ɗiyar wa ta haɗa shi.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki,
Ma'u