Da Ruwan Famfo Na Ɗauraye Kwalaben

Anti Ni'imat, ki taimake ni kafin Alhamis ta sama, ranar da zan kare littafin bincikena na digiri, don ni dai na gama yanke shawara, wanda zai ce na yi daidai kawai nake nema. Ina digiri na biyu a fannin nano, a Iskandariyya. Shekara uku ina haɗa ƙwayoyin azurfa 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ido ba ya gani, don kashe ƙwayoyin cuta a bandejin masu ƙuna. Haɗi guda ya yi kyau fiye da zato, a kansa na gina littafina duka. Wata biyu da suka wuce na maimaita shi sau huɗu, ko kusa bai zo ba. Da na koma littafin gwajina sai na gano: a makon da na yi haɗin farkon na'urar tace ruwa ta lalace, ni kuma don gaggawa na ɗauraye kwalabena da ruwan famfo. Wani abu a ruwan ne ya yi aikin, ba dabarata ba.

Nan take na kai wa malamina, Farfesa Midhat. Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Ke 'yar nan, wa zai leƙa cikin kwalba? Ki kare littafinki, a yi miki guɗa, ki tafi." Wai har an gayyato mai jarrabawa daga Alƙahira. Kin san yadda ranar kare littafi take a wurinmu, biki ce sosai. Babana manomi ne a wajen Damanhur, ya gayyaci rabin ƙauye, mamata ta sa an buga sunana a takardar cakulan, ba su san komai ba. To ni ba zan sha guɗa a kan ƙarya ba. Ranar zan miƙe gaban kowa in faɗi abin da ya faru, Farfesa ya ji kunya a gaban abokansa, in ya ga dama ya kore ni. Ba na tsoron kowa. Ko ba daidai na yi ba?

Mai Taurin Kai, Iskandariyya

*

Mai Taurin Kai, sannu da ƙoƙari. A kan gaskiya ina bayanki ɗari bisa ɗari. Bandeji jikin mutum zai hau, kuma wata ɗaliba za ta iya ɓata shekara biyu tana bin haɗin da ba ya haɗuwa. Farfesa bai kyauta ba.

Amma dandalin da kika zaɓa ban yarda da shi ba. Kuskuren naki ne, ba shi ya buɗe famfon ba. Mutumin ya sa hannu a littafin, ya kira baƙi, ya razana kamar yadda kika razana. In kika tona a bainar jama'a, tsiyar za a tuna, ba gaskiyar ba, kuma baƙin ƙauye ba su yi miki laifin komai ba.

Gobe ki rubuta masa takarda, ki haɗa shafin littafin gwajinki na makon famfon da sakamakon gwaji huɗun nan, ki nemi a ɗaga ranar. In ya ƙi, ki kai wa shugaban sashe, ki kuma gaya masa za ki kai. Sannan ki sa a auna ruwan famfon. Abin da ya sa haɗin ya yi ƙarfi tambaya ce mai kyau, wataƙila ita ce littafinki na gaskiya.

Saura abu guda. Kin ce ba ki tsoron kowa, amma wata biyu ke nan Farfesa ya sani, babanki bai sani ba. Miƙewa gaban mutum ɗari ya fi miki sauƙi a kan zama gaban mutum ɗaya. Juma'ar nan ki hau mota zuwa Damanhur, ki gaya masa da bakinki. Zai ji zafi, amma gara ya ji a tsakar gidansa. Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya sa a yi miki guɗar da kika cancanta.

Anti Ni'imat