Layi Biyu Babu Sunan Mai Su

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar? Ya Baba da jiki?

Gwaggo, an sa rana! Shekara huɗu ina hawa da sauka a matakalar sashenmu, yau sakatare ya liƙa takarda a allon sanarwa: nan da wata biyu zan kare kundina na digirin digirgir. Sau uku na karanta, na fita na sha ruwa, na dawo na sake dubawa ko sunan ya gudu. Shugaban sashe kuma ya tare ni a baranda, ya ce akwai gurbin ƙaramar malama, in na haye za a duba ni. Ki gaya wa Baba, ko da yake na san abin da zai ce, wai wace irin dakta ce wadda ba ta iya allura ba.

Da kin yarda da waya da tuni na cika miki kunne da ihu. Tunda kin ce ke sai abin da ido ya gani, ga takarda nan direba zai kawo.

Sai dai akwai abin da ya dame ni. Kin san aikina a kan masu hawan jini ne, me ke sa su daina shan magani. Babi na huɗu gaba ɗaya a kan layi biyu ya tsayu, waɗanda na ɗauko daga tsohon littafina na rubutu: "Ba mantuwa ke raba majinyaci da magani ba. Yana barinsa ne ranar da mutanen gida suka daina ce masa ya jiki." Mutum ɗari biyu na yi hira da su, kusan kowa nan ya dawo. Jiya ina gyara jerin littattafan da na duba, sai na ga layukan ba su da suna. A sama maganar wani marubuci ce da lambar shafinta, a ƙasa ma haka, su kuwa suna tsakiya tsirara. Daga littafin wa na kwafo? Wallahi ban sani ba. Kwana goma ya rage a aika wa mai jarrabawa na waje, an ce da jan biro yake bin kowane layi. In na bar su a matsayin nawa mai su ya ɓullo, sunana ɓarauniya, aikin ma ya tafi. In na cire, babin ya rushe.

Shekara ashirin da shida kika yi kina buga wa mutane kundi a tafireta. Me kika ga ana yi?

Taki,
'Yar Tambaya

*

Zuwa ga ɗiyata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, Allah ya sa albarka. Na karanta wa Yaya, babanki, takardarki a tsakar gida, ya ce a tambaye ki ko dai za a ba ki allurar tare da hular digirin. Amma na ga ya shiga ɗaki ya fito da sabuwar riga, ya tafi bakin titi, kin san ba shan iska ya je ba.

Ga abin da na gani daga bayan teburina. Gobe da safe ki ɗauki littafin nan ki je wajen Farfesan da ke duba aikinki, ki buɗe masa shafin. Kada ki aika, kada ki jira ya gano da kansa. Ban taɓa ganin malamin da ya kori ɗalibi don ya zo ya ce "ban sani ba", amma na ga waɗanda aka kama sun yi shiru, kuma ni na buga takardun sallamarsu. Malaminmu na allo ba ya barin mu faɗi magana sai mun ce daga wa muka ji. Ashe boko ma haka take.

In kun gama magana, kafin ki sauka daga bene ki rubuta abin da ya ce da kwanan wata. Manya suna da mantuwa, kuma ba a yi musu gardama da baki. Daga yau biro biyu: baƙi na maganar mutane, shuɗi na taki. Kundin kuma ki ajiye shi wuri uku, ɗaya ba a gidanki ba.

Layukan nan, da na karanta, na ji kamar na taɓa gamuwa da su. Ba zan ce komai ba sai na tabbatar. Kundi ɗari da wani abu sun bi ta yatsuna, ina iya yi wa wani ƙage.

Allah ya buɗa.
Gwaggonki

*

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa, ki yafe mini gajeren rubutu, a tsaye nake.

Na je. Farfesa ya cire tabarau, ya karanta, ya mayar ya sake karantawa. Ya ce shekara talatin yana wannan fanni bai san mai maganar ba, amma ba zai sa hannu a kundin ba sai an san matsayinta. An saka a na'urar da ke kama satar rubutu, ba ta ga komai ba, sai dai ita ba ta san tsofaffin littattafai ba. Ni da mai kula da laburare mun sauke kanta biyu, mun sha ƙura, babu.

Akwai abokin karatunmu da muke ce wa Sarkin Dabara. Ya ce, "Haba Dakta, ki liƙa wa wani farfesan da ya mutu mana! Zai taso ya ƙaryata ne?" Kowa ya yi dariya, har ni. Amma Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba, har na rubuta sunan wani da fensir. Saura kwana huɗu.

'Yar Tambaya

*

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ki ɗauko abin gogewa ki goge sunan bawan Allahn nan, ki nema masa gafara, sannan ki zauna. Ki zauna na ce!

Na samu! Ni da na ce ba zan ƙara durƙusawa gaban akwatin ƙarfen nan na tsofaffin takarduna ba saboda gwiwa, jiya tun hantsi nake gabansa har aka kira la'asar. Na fara da kwafin kundin mutane, ban ga komai ba. Sai na jawo koren fayil, inda nake jera wasiƙun gida. Ɗiyata, ashe na yi kururuwa ban sani ba, sai ga Yaya da sanda yana cewa ina macijin.

Ki buɗe ambulan ɗin da na haɗo. Rubutun wa kika gani?

Shekara biyar ke nan, kafin ki shiga wannan karatu. Lokacin da Yaya ya faɗi a shago, aka duba durowarsa aka ga maganin wata biyu bai taɓa ba. Kin kwana bakwai a asibiti kina jinyarsa, daga nan kika rubuto mini wannan a bayan takardar awon asibiti. Ina jin kafin ki aiko kika kwafe maganar a littafinki.

Ban yi saurin murna ba. Na ce wa raina wataƙila a wani wuri ta karanta, ta zuba mini. To ki duba da kyau. Da farko kin rubuta "taurin kai", kin soke. Kin rubuta "gajiya", kin soke. Sannan maganar ta fito. Na buga rubutun hannu fiye da yadda zan ƙirga, na san na mai kwafe, shi a miƙe yake tafiya. Wanda yake nema ne yake tuntuɓe.

Taki ce. Kin daɗe kina ɗaukar maganar manya da hannu biyu, da kika ga taki ta yi kyau sai kika ɗauka ta wani ce.

Abu ɗaya kuma, tunda ana maganar gaskiya. Mutanen gidan da suka daina tambaya, da ni a ciki. Ranar da na karanta takardar nan na ji kunya, na jefa ta a fayil, ban ba ki amsa a kai ba. Da na amsa, da wataƙila ba ki manta ba. Ki yafe wa Gwaggo.

Maza wajen Farfesa. Takardar aro na ba ki.

Gwaggonki

*

Gwaggo! Gwaggona!

Assalamu alaikum. Na haye! Ƙananan gyare-gyare kawai!

Ɗakin taron ya cika, fanka tana ƙara. Mai jarrabawar ɗan siririn dattijo ne, da jan bironsa kamar yadda aka faɗa. Awa guda yana juya ni. Sai ya buɗe babi na huɗu, ya ɗora yatsa, ya ce, "Wannan fa, a ina kika samo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gefen gadon mahaifina." Na miƙa masa takardar.

Ya karanta har inda na soke. Ya ɗago kai. Sai ya ce, "Wa ya adana wannan?" Na ce gwaggona ce, tsohuwar mai tafireta. Ya juya wajen shugaban sashe ya ce, "Ku ɗauke ta aiki, in da hali ku haɗa da gwaggon." Ya kuma ce in fitar da babin a matsayin maƙala kafin shekara ta ƙare, da sunana a gaba. Da aka tashi na gan shi a baranda da waya a kunne, yana ce wa nasa yayan, "Yaya, ya jikin? Kana shan maganin kuwa?"

Sarkin Dabara ya ce in tambaye ki ko akwai wani abu nasa a akwatin.

Ranar Litinin zan shiga aji. Tsoro nake ji, kuma ji nake kamar in yi tsalle.

Taki,
'Yar Tambaya

*

Zuwa ga Dakta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na yi sujada, gwiwar ma ba ta ce komai ba. Yaya ya ce ya janye maganar allura.

Ranar Litinin ki riga ɗalibai shiga ajin, ki gaida masu shara da sakatare da sunansu. Kada ki karɓi kowane kwamiti don an ce ke ce sabuwa. Kullum da safe shafi ɗaya na maƙalar, kafin ki buɗe ƙofa, da shuɗin biro.

Takardata kuma a ba direba ya dawo mini da ita, akwai giɓi a fayil.

Zan tsaya nan, ƙarfe takwas ta yi. Bari in leƙa in ce wa Yaya ya jiki.

Gwaggonki