Jinin da ke Takobin Kaka

Gashuwa, 4 ga Rajab, 1366 (1947)

Zuwa ga ƙanena Ibram, a Nguru. Gaisuwa mai yawa.

Takobin Kaka da na aika maka ka gyara masa kube ya iso, amma ban gane shi ba. Namu ja ne, da jinin yaƙi a jikinsa, wanda mutane ke zuwa gani tun daga Katuzu. Wannan fari fat, ga rashin nauyi. An ce akwai Bature a tashar jirginku mai sayen tsofaffin makamai. Ban ce komai ba tukuna. Ina jiran amsa.

Yayanka, Abatcha

Nguru, 11 ga Rajab

Yaya Abatcha, ina gaisuwa da ladabi.

Shi ne dai. Tsatsa ta cinye shi har da ƙyar yake fita daga kube. Kwana uku na jiƙa shi a ruwan tsamiya, na goge da toka da lallausan yashi, na shafe da man gyaɗa. In da na bar shi, damina biyu zai karye. Zargin nan ya yi mini ciwo.

Ibram

Gashuwa, 19 ga Rajab

Ibram, bayan gaisuwa.

Kube na ce ka gyara, ban ce ka yi masa wanka ba. Kuma ruwan tsamiya ba ya shafe giɓi. Takobin da ya sare mutum bakwai, a ce bakinsa sumul kamar reza? Ka dawo da namu kafin azumi, ko mu haɗu gaban alkali, daga nan kuma ba ni ba kai.

Abatcha

Nguru, 26 ga Rajab

Yaya, Allah ya ba ka haƙuri.

Ka warware fatar mariƙin. Za ka ga shuɗin zaren da Inna ta ɗaura da hannunta, ƙulli uku. Na so in rufa wannan, amma ka matsa: shekara goma sha biyu ina goge ƙarfe, na san takobin da ya taɓa sara. Wannan bai taɓa ko karan dawa ba. Abin da muke nuna wa baƙi tsatsa ce. Ka gai da mutanen gida.

Ƙanenka, Ibram

Gashuwa, 3 ga Sha'aban

Ibram ɗan'uwana, gaisuwa.

Na ga zaren. Ka yafe ni. Ka ƙone wasiƙun nan. Na goge man, na binne takobin a fadama. Kai da ka san ƙarfe, wata nawa zai yi kafin ya koma ja?

Abatcha